Zaki a Idon Kyamara: Tarihin Farautar da Ake Yi da Haske

Hotunan zaki na farko da suka fito daga Gabashin Afirka kusan dukkansu na gawa ne. Wanda ya fi yawo a duniya shi ne na watan Disambar 1898, inda John Henry Patterson yake zaune a gefen ɗaya daga cikin zakunan nan biyu na Tsavo, waɗanda suka shafe watanni suna ɗauke leburori daga tantunansu har aikin gadar jirgin ƙasa na Kenya zuwa Uganda ya tsaya cak. Zakin yana miƙe a ƙasa, ba geza, ba rai. Haka tsarin yake a wancan zamani: bindiga ta fara magana, sannan a kira mai hoto.

Kayan aiki ne suka gaza. Kyamarar ƙwararru a lokacin akwati ce ta katako a kan ƙafa uku, irin wadda dattawa suka sani a bakin kasuwa, mai hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle yana cewa kar a motsa. Faranti na gilashi ake zura mata ɗaya bayan ɗaya, masu nauyi, masu saurin fashewa, kuma sai sun sha haske sosai kafin su kama hoto. Shi kuwa manyan dawa da rana kwance yake cikin ciyawa mai launin jikinsa, sai duhu ya shiga yake miƙewa. Ga mai buƙatar rana, ga mai jiran dare. Tarihin wannan sana'a ya ta'allaƙa ne a kan yadda aka yi ta neman haɗa su, da kuma abin da aka riƙa yi wa zakin a bayan fage domin haɗuwar ta yiwu.

Ita kanta kalmar safari ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Daga Larabci ta shiga Suwahili, tushenta ɗaya da safarar da fatake suke yi da kaya daga gari zuwa gari. Ayarin da ke tasowa daga gaɓar teku zuwa cikin ƙasa neman hauren giwa shi ne safari na asali. Turawa mafarauta suka gaji ayarin da 'yan dakonsa da madugansa, har da sunansa.

Wanda ya fara kama zaki mai rai da daddare a cikin farantin gilashi Bajamushe ne, Carl Georg Schillings, wanda ya yi ta zuwa yankin Dutsen Kilimanjaro daga 1896 zuwa 1903. Dabararsa ta maharba ce tsantsa. Sai ya ɗaure sa ko jaki a kusa da mashaya, ya kafa kyamara tana kallon dabbar, ya ja zare a ƙasa. Idan zaki ya kawo farmaki ya taɓa zaren, hodar magnesiyam ta kama da wuta, ta yi walƙiya da ƙara kamar tsawa, daidai lokacin da kyamarar ta buɗe ido. Dama ɗaya ce a dare ɗaya, domin in hodar ta tashi, ta tashi ke nan, zakin kuma ya yi nasa wuri. A 1905 ya fitar da littafinsa mai hotuna sama da 300, wanda ma'anar sunansa ita ce tafiya da walƙiya da bindiga. Sunan ya faɗi gaskiya, don kuwa ya harbi namun daji masu yawa ya aika wa gidajen tarihi na Jamus. Shekara guda bayan haka, mujallar National Geographic ta cika fitowarta ta Yulin 1906 da hotuna 74 na George Shiras, Ba'amurken da ke ɗana wa barewa irin wannan tarko na zare. Biyu daga cikin 'yan kwamitin mujallar suka yi murabus don fushi, a ganinsu an mayar da ita littafin hotuna. Masu karatu kuwa suka yi ta neman ƙari.

Arthur Radclyffe Dugmore, Baturen Birtaniya, bai yarda ya bar wa zare aikin ba. A 1909 ya je Kenya ya riƙa kwana cikin shingen ƙaya, wanda mutanen can suke kira boma, da mushen jakin dawa a gabansa, yana riƙe da maɓallin walƙiya a hannu. Ya ɗauki zaki a tazarar da ba ta kai mita 15 ba. Abin da hoton bai nuna ba shi ne James Clark, abokin tafiyarsa, wanda yake gefe da bindiga a ɗane.

A wannan shekarar ce kuma tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka Mombasa da ɗansa Kermit da ɗaruruwan 'yan dako. Su biyun kaɗai sun kashe manyan dabbobi 512, cikinsu har da zakuna 17. Cherry Kearton, ɗan Ingila, ya bi ayarin da kyamarar silima, amma bai samu Roosevelt yana harbin zaki ba. Can a Chicago, kamfanin Selig ya kafa dajin ƙarya a cikin ɗakin shirya fim, ya nemo ɗan wasa mai kama da Roosevelt, ya sayo tsohon zaki, aka harbe shi a gaban kyamara. Fim ɗin ƙaryar ya fi na gaskiyar kasuwa nesa ba kusa ba, kuma tabon wannan ciniki ya daɗe a jikin sana'ar: 'yan kallo farmaki suke so, shi kuwa zakin gaskiya barci ya fi yi.

Carl Akeley, mai cushe fatun dabbobi don gidajen tarihi na Amurka, ya yi ƙoƙarin ɗaukar jaruman Nandi suna farautar zaki da masu a wajen 1910. Kafin ya juya akwatinsa an gama komai. Takaicin wannan ne ya sa ya ƙera tasa kyamarar mai zagaye kamar faifai, wadda ake iya juyawa da hannu ɗaya a bi abin da ke gudu. Sojojin Amurka suka saye ta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu labaran silima suka rungume ta bayan yaƙin. Da irinta Martin Johnson da matarsa Osa suka yi aiki a Kenya da Tanganyika, da kuɗin George Eastman mai kamfanin Kodak da na wasu masu hannu da shuni. Fim ɗinsu mai suna Simba ya fito a 1928. Martin yana murza kyamara, Osa tana tsaye da bindiga, kuma an san sukan tunzura dabba ta taso musu, a ɗauke ta tana gudu, sannan a harbe ta dab da ƙafa uku.

Abin da ya sauya komai ba a shagon masu kyamara aka ƙera shi ba. Mota ce. Da farko masifa ta zama wa zakunan Serengeti, domin a tsakiyar shekarun 1920 wata tawagar mafarauta 'yan Amurka ta kashe kimanin 50 a cikin 'yan watanni, saura kuma suka biyo sawu. Denys Finch Hatton, wanda shi kansa jagoran mafarauta ne, ya rubuta wa jaridar The Times ta Landan wasiƙu yana Allah wadai da harbi daga cikin mota, ya kuma ja hankalin manyan baƙinsa, har da Yariman Wales, zuwa ga kyamara. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe wani yanki na Serengeti, a 1951 ya zama cikakken gandun daji. Na Nairobi ya riga shi, tun 1946.

A cikin wannan tsakanin aka gano abin da har gobe sana'ar take tsaye a kansa. Zakin da zai gudu ko ya fusata in ya hango mutum a ƙafa, ba ya damuwa da mota idan ba a taɓa harbinsa daga cikinta ba. Yana ganinta a matsayin abu ɗaya dunƙulalle, wanda ba nama ba ne, ba kuma abokin gaba ba. Shi ya sa dokar farko da direba yake faɗa wa baƙi ita ce kada kowa ya miƙe tsaye ko ya fito da jiki. Amma sabon ma ba haka kawai ya zo ba. A shekarun 1920 da 1930 akan harbe jakin dawa, a ɗaure mushen a bayan mota, a ja shi a hankali zakuna suna biye. Hotunan zakuna masu natsuwa da suka cika mujallun wancan lokaci, da yawansu da nama aka saye su. Daga baya hukumomin gandun daji suka haramta ciyarwar, a 1977 kuma Kenya ta hana farautar manyan dabbobi gaba ɗaya.

Kyamara ita ma ta yi ta ƙanƙancewa. Leica ta fito a 1925, ƙarama, tana cin fim mai faɗin milimita 35 wanda yake ba da hoto 36 a naɗi ɗaya. Kodachrome, fim mai launi, ya biyo baya a 1935, Nikon F a 1959, sai kyamarori masu saita gani da kansu suka yawaita daga 1985. Amma fim mai kyan launi rago ne wajen kama haske. Kodachrome da masu hoton daji suka fi so lambarsa ta ƙarfin kama haske 25 ko 64 ce, Velvia na kamfanin Fuji da ya zo a 1990 kuma 50. Ma'anar wannan a fili ita ce, daidai lokacin da zakuna suke tashi su yi miƙa, su yi ruri, su nufi farauta, a lokacin ne mai hoto yake mayar da kayansa cikin jaka. Ga shi ba ya ganin abin da ya ɗauka sai ya koma gida an wanke, wani lokaci bayan makonni.

Masana ne suka koya wa masu hoto haƙuri. George Schaller ya zauna a Serengeti daga 1966 zuwa 1969 yana bin zakuna dare da rana, ya tabbatar cewa sukan yi kusan awa 20 a kwance a kowace rana, kuma zakanya ce ginshiƙin garke, maza zuwa suke yi su wuce. A 1970 Colin Pennycuick da Judith Rudnai, da suka yi aiki a gandun Nairobi, suka nuna cewa ɗige-ɗigen da ke gindin gashin bakin zaki ba sa sauyawa, kuma na kowane daban ne, kamar zanen yatsa. Daga nan hoton fuska ya zama katin shaida. Zaki ya samu suna da tarihi da dangi. Littafin Joy Adamson a kan zakanya Elsa ya riga ya share hanya tun 1960, sannan Jonathan Scott da Brian Jackman suka rubuta labarin garken fadama na Masai Mara a 1982, wanda BBC ta ci gaba da bibiya a talabijin daga 1996.

Lambobin da mai hoton yau yake juyawa da babban yatsa amsa ce ga tsohuwar matsalar Schillings. Abu uku ne: saurin ƙyaftawar kyamara, faɗin ƙofar haske, da lambar ISO, wato ƙarfin kama haske. Zakin da ke kwance ya isa a ɗauke shi da kashi ɗaya cikin 250 ko 500 na daƙiƙa, amma zakanya mai bin ɓauna tana buƙatar ɗaya cikin 1,000 ko 2,000, in ba haka ba ƙafafunta su narke cikin ƙura. Ƙofar haske akan buɗe ta zuwa f/4 ko f/5.6 idan zaki ɗaya ne, don ciyawar baya ta dushe shi ya fito sarai. Idan uwa ce da 'ya'yanta a jere sai a tsuke zuwa f/8 domin kowa ya shiga gani. Babban juyin yana wajen ISO. Inda mai fim ya tsaya a 64, mai dijital yana hawa 3,200 ko 6,400 da asuba ko bayan faɗuwar rana, hoton kuma ya fito. Dogon gilashi mai milimita 400 zuwa 600 shi ne abokin tafiya, kuma tun wajen 2019 akwai kyamarorin da ke nemo idon dabba da kansu su manne masa, suna ɗaukar hoto 20 ko 30 a daƙiƙa. Duk da wannan, abu mafi amfani a motar jakar wake ce ko ta shinkafa da ake ɗorawa a bakin taga a kwantar da gilashin, sai kuma direban da ya san ya kashe inji. Da rana ta take kuwa, hucin ƙasa yana karkaɗa iska, ba kuɗin da zai sayi hoto mai kaifi.

Gyaran hoto ya girmi kwamfuta. A ɗakin duhu, mai wanki yakan tare haske da hannu a wani sashe na dodon hoto, ya ƙara a wani. Shi ya sa tun 1905 Schillings yake alfahari a bangon littafinsa cewa hotunansa an buga su yadda aka ɗauke su. Photoshop ya zo a 1990, Lightroom a 2007, aikin ya koma na linzamin kwamfuta. Launin zaki yana da wuyar sha'ani: hasken safe yana mayar da shi ja, inuwar bishiya tana kai shi shuɗi-shuɗi, kuma hannu yana saurin zarcewa har a samu zaki mai launin lemo. Gyaran da ake yarda da shi a gasa shi ne daidaita haske da launi, rage tsakuwar da ISO mai yawa take bari, datse gefe, da goge ɗigon ƙura. Ƙara dabba ko cire ta kuwa haramun ne. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan littafin Art Wolfe na 1994 wanda aka kwafi jakunan dawa aka cike gurbi da su. Gasar Wildlife Photographer of the Year, wadda aka fara a 1965, tana neman ɗanyen fayil na asali, ta kuma ƙwace kyautar 2009 bayan an gano kyarkecin da ke hoton na haya ne.

Akwai kuma ƙaryar da ba a yi da kwamfuta. Hoton zaki shi kaɗai a fili fetal, sau da yawa an ɗauke shi ne ta tsakanin motoci ashirin da suka yi masa zobe, suna kiran juna ta rediyo. Wani kuma an ɗauke shi a gonakin Afirka ta Kudu inda ake kiwon dubban zakuna a cikin waya.

Michael Nichols ya nemi wata hanya lokacin da ya yi wa National Geographic aikin da ya fito a Agustan 2013. Ya daɗe yana bin garken Vumbi a Serengeti, da wani namiji mai baƙar geza da masana suka sa wa suna C-Boy, yana amfani da hasken da ido ba ya gani don kada ya dame su da dare, da wata 'yar mota mai ɗauke da kyamara wadda take rarrafawa har gaban hancinsu. Will Burrard-Lucas ya riga ya gwada irin wannan 'yar mota a Tanzaniya a 2009, zakanya ta ɗauke ta a baki ta lalata kyamarar, sai da ya yi mata sulke. Hoton Nichols na zakanya biyar da 'ya'yansu kwance a kan falalen dutse, baƙi da fari, shi ya ci babbar gasar a 2014. Ba a daɗe da ɗaukarsa ba garken ya fita iyakar gandun, aka kashe uku daga cikin biyar ɗin. A shekarar da ta biyo bayan kyautar, a Yulin 2015, maharbi ɗan Amurka ya kashe wani zaki mai suna Cecil a gefen gandun Hwange na Zimbabwe, kuma hotunan da aka tara masa a shekaru su ne suka sa duniya ta san wanda aka kashe. A Disambar wannan shekara aka sa wa garken fadama na Mara guba. Ƙiyasin masana ya nuna zakunan Afirka sun ragu da kashi 43 cikin ɗari tsakanin 1993 da 2014, waɗanda suka saura kuma ba su wuce 20,000 zuwa 25,000 ba. Hotuna suna ƙaruwa, zakunan kuwa suna raguwa.

Wani gurbi da ya kamata ya dami duk mai karanta wannan tarihi shi ne na mutanen da suka nemo zakin. Wani ne ya ɗauko akwatunan gilashin Schillings a ka, wani ya sare ƙayar shingen Dugmore, wani ya duba sawu a turɓaya ya ce zakanya ce, da 'ya'ya biyu, jiya da dare. Littattafan ba su cika ambaton sunayensu ba. A yau ma, jagoran Bamasaye ko direban ɗan Tanzaniya shi ne yake karanta kukan jakin dawa da shawagin ungulu, ya san inda rana za ta faɗo, ya ajiye motar a kusurwar da ta dace tun kafin zakin ya tashi. Rabin hoton nasa ne. Daɗin abin, 'yan ƙasa da yawa yanzu sun riƙe kyamarar da kansu, kuma a Amboseli shirin Lion Guardians da aka kafa a 2007 ya mayar da samarin Masai masu farautar zaki masu bibiyarsa da kare shi.

Zakin Yammacin Afirka kuwa kusan bai shiga wannan tarihi ba. Dajinsa ya fi duhu, gezarsa ba ta kai ta ɗan'uwansa na gabas ba, kuma bai saba da mota ba, domin abin da ya sani game da mutum shi ne tarko da guba. Binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda aka buga a 2014, ya gano cewa kimanin 400 ne suka rage a yankin gaba ɗaya, kusan kashi 90 cikin ɗari a dajin W da Arli da Penjari da ya haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai 'yan tsiraru a Niokolo-Koba ta Senegal, da Kainji, da Yankari a Jihar Bauchi. Yaron da ya tashi da tatsuniyar zaki da gizo a Kano ko Damagaram, zakin da yake gani a kalanda ko a wayarsa kusan kullum na Kenya ne ko Tanzaniya.

A nan yankin, tarkon Schillings ne ya dawo da aiki, sai dai ba sa a ɗaure, ba hoda, ba zare. Ƙaramin akwati ne da ake ɗaurawa a jikin bishiya, yana jin ɗumin jiki da motsi ya ɗauka. A Serengeti an kafa irinsa 225 tun 2010, dubban mutane suka taya tantance hotunan ta intanet. A gandun Sena Oura na Chadi, mai iyaka da Bouba Ndjida ta Kamaru, rabon da a ga zaki tun 2004. A watan Fabrairun 2023 ɗaya daga cikin akwatunan da ma'aikatan gwamnatin Chadi da ƙungiyar kare namun daji ta WCS suka ɗaura ya ƙyafta da daddare. Da aka buɗe katin, sai ga zakanya cikakkiya, lafiyayya, wadda masanan suka ƙiyasta shekarunta kusan biyar.